Nonon taimako ga bakwaini: abin da aka auna da abin da ya isa cikin jariri

Jaririn da aka haifa a mako na 28 nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Saura masa mako goma sha biyu a ciki, kuma a waɗannan makonni ne ya kamata nauyinsa ya ninka sau uku, ƙashinsa ya tara mafi yawan kalshiyam da fosfaras ɗin da ɗan wata tara ke fitowa da su, ƙwaƙwalwarsa kuma ta yi girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba. Duk wannan ta igiyar cibiya ake ciyar da shi, dare da rana, hanji na kwance bai san ana yi ba. Ranar da aka yanke cibiya aikin ya dawo kan hanjin da bai ƙosa ba, da 'yan mililitocin nonon da nas ke turawa ta siririyar roba daga hanci zuwa ciki, jaririn na kwance a kwalba.

Irin waɗannan jarirai suna da yawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2020 an haifi miliyan 13.4 kafin mako na 37, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Babu likitan da ke jayayya cewa nonon mahaifiyar jariri shi ne gaba da komai. Sai dai uwar bakwaini sau da yawa ita ma a kwance take, an yi mata aiki ko jininta ya hau, ɗanta ba ya iya kama nono balle ya ja, don haka sai dai ta yi ta tatsa, wani lokaci kwana da kwanaki ɗigo kawai ke fitowa. Wannan giɓin ne ya haifar da bankunan nono, inda mata masu shayarwa ke kai rarar nononsu, a tantance su, a tsabtace nonon, a daskarar da shi har a buƙace shi. An buɗe na farko a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1909. Ɓullar cutar ƙanjamau a shekarun 1980 ta sa aka rufe da yawa, daga baya suka farfaɗo da tsauraran ƙa'idoji. Yau Barazil kaɗai tana da sama da 200, Kenya kuma ta buɗe nata na farko a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019.

In ana maganar ingancin wannan nono, wanda ake kira nonon taimako, tambayoyi biyu ake cakuɗawa. Ta farko, zai cutar da jaririn? Ta biyu, zai ishe shi? Bankunan da ke bin ƙa'ida sun yi nisa ƙwarai wajen amsa ta farko. A ta biyun ne gizo ke saƙa, kuma a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda nonon da ke ɗauke da ƙwayar cuta yana tona kansa cikin kwana biyu, wanda ya gaza furotin kuwa sai an yi makonni kafin a lura cewa kan yaro ba ya girma yadda ya kamata.

Me ya sa ma ake wannan wahala, alhali ga madarar gwangwani ta musamman ta bakwaini, wadda an san komai da ke cikinta? Saboda wata cuta ce da likitocin jarirai ke jin tsoro, wadda suke taƙaita sunanta da NEC. Hanjin bakwaini ne ke kumbura, wani sashe ya mutu ya ruɓe, wani lokaci ya huje. Cikin jariri ya ɗaure, fatar cikin ta yi sheƙi, jini ya fito a kashi. Wanda ta yi wa tsanani sai an yanke ɓangaren hanjin, kuma da yawa ba sa tashi. A 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka wallafa binciken jarirai 926 a Ingila, suka nuna cewa cutar ta fi kama waɗanda aka ba madara zalla sau shida zuwa goma idan aka kwatanta da masu shan nono zalla. Manyan gwaje-gwajen baya sun tabbatar da alƙiblar, ko da yake ratar ba ta kai haka ba. A gwajin DoMINO na Kanada, wanda aka wallafa a 2016 kan jarirai 363, cutar ta kama kashi 1.7 cikin 100 na waɗanda aka cike musu giɓi da nonon taimako, da kashi 6.6 na waɗanda aka cike wa da madara. A gwajin MILK na Amurka, 2024, jarirai 483, lissafin ya zama 4.2 da 9.0.

Waɗannan gwaje-gwajen dai sun zo da wani labarin da ba a cika so a ji ba. Ba don NEC aka shirya su ba tun farko, an shirya su ne a ga ko nonon taimako zai inganta kaifin ƙwaƙwalwa, kuma duka biyun ba su ga bambanci ba, ɗaya a wata 18, ɗaya a kusan shekara biyu. A gwajin Amurka ma masu shan nonon taimako sun fi jinkirin ƙara nauyi, giram 22.3 a kowane kilo a rana, masu madara kuwa 24.6, kuma wannan bayan an ƙarfafa nonon da ƙarin sinadaran gina jiki. Jinkirin girma a wannan mataki ba abin wasa ba ne. Binciken Richard Ehrenkranz da abokan aikinsa na 2006, kan jariran da aka haifa ƙasa da kilo ɗaya, ya gano cewa waɗanda suka fi saurin girma a asibiti su ne suka fi tsira daga shanyewar gaɓɓai da jinkirin fahimta. Gaskiya ne jaririn da ya fi jin jiki dama shi ke jinkirin girma, don haka ba komai za a ɗora wa abinci ba. Duk da haka babu mai son a tsare hanji a bar ƙwaƙwalwa da yunwa.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, ESPGHAN, a shawarwarinta na 2022, ta ce ƙaramin bakwaini na buƙatar furotin giram 3.5 zuwa 4 a kowane kilo na nauyinsa a rana, da kalori 115 zuwa 140. Cikinsa kuwa abin da zai iya ɗauka bai cika wuce mililita 150 zuwa 180 a kilo ba. To wace ce ke ba da nonon? Galibi mace ce da ta haihu a kan kari, ɗanta ya yi wata uku ko biyar, yana sha yana ƙoshi har da rara. Nononta ya daidaita da bukatar wannan yaron, furotin ɗinsa wajen giram 0.9 ne a mililita 100. A ba jariri mililita 150 a kilo, ya samu giram 1.35 ke nan, bai kai rabin bukatarsa ba. Na kalshiyam ya fi muni: nonon zai ba shi wajen miligiram 40 a kilo, ana neman 120 zuwa 200. Fosfaras ma haka. Sodiyam da zink kuma suna raguwa a nono yayin da watannin shayarwa ke tafiya. Jaririn da aka bari a haka ƙashinsa yakan yi laushi, har haƙarƙari ya karye a wajen juya shi.

Nonon ba shi da laifi. An halicce shi ne don yaron da ya gama zaman ciki, yake zuƙar son ransa. Wanda ke kwance a kwalba kuwa, in an bi ta lissafi, har yanzu ɗan tayi ne.

Shi ya sa ake ƙarfafa shi. Haɗin ƙarfafawar gari ne ko ruwa, yana ɗauke da furotin, ɗan sitaci ko kitse, kalshiyam, fosfaras, sodiyam, zink da bitamin. A wasu kamfanonin ƙaramin fakiti ɗaya ake zubawa a mililita 25. Yana ɗaga kalori daga wajen 67 zuwa wajen 80 a mililita 100, ya ƙara furotin giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A takarda komai ya daidaita. Amma wanda ya tsara haɗin bai ga nonon da za a zuba shi a ciki ba, ƙiyasi ya yi, kuma ƙiyasin an gina shi ne a kan nonon uwar bakwaini a makonninta na farko, wanda furotin ɗinsa ke kai wajen giram 1.5. A ɗauka haɗin na ƙara giram 1.1. A kan nonon da aka yi ƙiyasi da shi, jaririn da ya sha mililita 150 a kilo zai samu giram 3.9 a kilo, daidai bukata. A kan nonon taimako mai 0.9, giram 3.0 zai samu. Fakiti ɗaya, awo ɗaya, nas ta bi umarni babu kuskure, takardar jinya ta nuna an ba shi cikakken abinci, amma kullum ana bin sa bashin rabin giram zuwa giram ɗaya a kowane kilo. A tara wannan mako shida a ga inda aka kwana.

Ko 0.9 ɗin ma matsakaici ne. Nono ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kitse shi ya fi yawo, kuma shi ke ɗauke da kusan rabin kalorin. Wanda ya fara fitowa a farkon tatsa tsinkakke ne kamar ruwa, na ƙarshe ya fi shi maiƙo ninki biyu ko uku. Macen da ke tsayawa da tatsa da zarar ta ji sauƙi, nononta zai bambanta da na wadda ke tatsewa tas. Akwai ma wanda ke ɗiga da kansa daga ɗaya nonon yayin da yaro ke shan ɗayan. A da ana tara shi a kai banki, kuma shi ne mafi ƙarancin kitse, abin da ya sa wasu tsofaffin bincike suka nuna nonon taimako a matsayin abin da ba ya sa girma sam. Nazarin da aka yi wa alkaluman bankuna daban-daban ya nuna cewa furotin, kitse da kalori na iya bambanta ninki biyu tsakanin wannan rukuni da wancan. Robobi biyu a firiza ɗaya, launi ɗaya, lamba kusa da kusa, ɗaya na iya ba da kalori 55, ɗaya 75, a zuba musu haɗi iri ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta rage wannan ita ce a gauraya nonon mata da yawa, mai kauri ya rufa wa tsinkakke asiri. Bankunan da ke ƙarƙashin ƙungiyar HMBANA ta Amurka da Kanada, wadda aka kafa a 1985, haka suke yi, wasunsu ma sai sun auna kowane kaso kafin su zaɓi waɗanda za su haɗa. Birtaniya ta bi wata hanyar: ƙa'idar 2010 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a can, ta hana gauraya nonon mata daban-daban, don in matsala ta taso a san daga wa ta fito. Kowane ɓangare da hujjarsa, kowanne kuma da abin da ya sadaukar. A ƙasashen Musulmi akwai ƙarin dalili, tunda shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa bankunan nono saboda tsoron cakuɗewar 'yan'uwantaka, majalisar fatawa ta Turai kuma ta halatta amfani da su a 2004. Wuraren da suka nemi mafita, kamar Kuwaiti da Malesiya, sun zaɓi a san mai bayarwa, a rubuta wa ya sha nonon wa. Wannan ya warware matsalar nasaba, amma ya rufe ƙofar gaurayawa, don haka irin waɗannan wurare sun fi kowa bukatar auna abin da ke cikin kowace roba.

Sai maganar wuta. Kusan duk bankunan duniya tsarin Holder suke bi: a jera robobin nono a rufe cikin ruwan zafi, a riƙe su a digiri 62.5 na minti 30, a sanyaya da sauri. Wannan yana kashe ƙwayar HIV da CMV, wata ƙwayar cuta da ke bi ta nono, da mafi yawan bakteriya. Wadda ke kuɓuta ita ce Bacillus cereus, saboda tana naɗe kanta a ƙwanso mai jure zafi, kuma ita ce kan gaba cikin dalilan zubar da nono bayan an gama ɗumama shi. Furotin da sukari da kitse da ma'adinai ba sa raguwa sosai a awo. Nau'in sukarin nan na musamman da jariri ba ya narkarwa, wanda ke ciyar da bakteriya masu amfani a hanjinsa, shi ma yana tsira, kuma da dama daga masu bincike na ganin yana cikin dalilan da suka sa nonon taimako ke kare hanji ko bayan ya sha wuta. Abin da ke tafiya shi ne rayayyun ƙwayoyin garkuwa gaba ɗaya, wani kaso na IgA da kaso mai yawa na laktofarin, waɗanda furotin ne masu yaƙar ƙwayoyin cuta, da ɗan abin da ya shafi bitamin masu narkewa a ruwa.

Asarar da ta fi shafar girma ita ce ta wani sinadarin narka kitse da ake kira laifes. Nonon ɗan Adam yana zuwa da nasa, wanda ke fara aiki idan ya haɗu da ruwan matsarmama a hanji. Ga ɗan wata tara wannan ƙari ne. Ga bakwaini, wanda jikinsa bai fara samar da isasshe ba, jigo ne. Zafin Holder yana kashe shi ƙurmus. Don haka na'ura na iya nuna kitse giram 3.5 a nono, amma wani kaso ya bi kashi ya fita, abin da ƙananan bincike suka nuna tun shekarun 1970. Wani kamfanin magani na Siwidin ya ƙera irin wannan sinadari a ɗakin gwaji, aka gwada mayar da shi cikin abincin bakwaini a babban gwaji a Turai, girma bai ƙaru ba, aka jingine shi. Wannan ya nuna cewa abin da wuta ta cire ba a mayar da shi ɗaya bayan ɗaya kamar kayan gyaran mota. Ana gwada wasu hanyoyin, kamar zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, ko matse nono da ƙarfin gaske ba tare da wuta ba, kuma suna barin sinadarai da yawa da rai, sai dai har yanzu 'yan wurare ne ke amfani da su. A ɗaya gefen kuma akwai kamfanonin da ke dafa nono a digiri 121 don ya zauna a kanta ba firji. Yana da sauƙin ajiya da jigila, amma sinadaran garkuwarsa sun fi na Holder lalacewa nesa ba kusa ba, kuma manyan gwaje-gwajen da suka nuna kariya daga NEC ba da irinsa aka yi su ba.

Akwai wata ɓarnar da ba ta bukatar na'ura kafin a gan ta. A tsaya gefen kwalbar jaririn da ake ba nono ta famfon sirinji, irin wanda ke turawa a hankali na awa biyu ko uku. Bayan ɗan lokaci nonon zai rabu: ƙasa ruwa-ruwa mai ɗan shuɗi, sama siririn layin maiƙo mai ruwan ɗorawa. In sirinjin na kwance ne, ko bakinsa na kallon ƙasa, ruwan ne ke tafiya, maiƙon ya tsaya a baya. Idan lokacin canji ya yi, a cire sirinjin da doguwar robarsa a jefa a kwandon shara, a duba jikinsu: fari-fari ya manne. Kalorin jaririn ke nan. Kafin nan ma nonon taimako ya riga ya bi ta mazubai da yawa, daga na gidan mai bayarwa zuwa na gaurayawa, zuwa na ɗumamawa, zuwa na haɗi, an daskarar da shi an narkar sau biyu, kowane mazubi ya lashe nasa rabon. Kalshiyam da fosfaras na haɗin ma suna iya kwantawa a ƙasa. Maganin ba shi da tsada: a ɗaga bakin sirinji sama, a gajarta robar, a juya nonon a hankali kafin a ɗiba, a bayar a lokaci ɗaya in cikin jariri zai ɗauka. Amma abubuwa ne da ke hannun nas mai kula da jarirai da yawa da ƙarfe uku na dare.

Shi kansa haɗin yana da nasa rigingimun. Mafi yawansa daga madarar shanu ake yin sa, sai mutane suka ce, an gudu ba a tsira ba ke nan, an guje wa madara an dawo an zuba ta a nono. Kamfanin Prolacta na Amurka ya fito da haɗin da aka yi da nonon mutane zalla, ana tattara nono mai yawa a tace shi har ya yi kauri. Gwaje-gwajen farko sun nuna alheri, amma a cikinsu rukunin da ake kwatantawa da shi yana shan madarar gwangwani ma, don haka ba a iya rabe laifin haɗin da na madarar ba. Da aka zo aka yi gwajin da duka rukunonin nonon ɗan Adam kawai suke sha, bambancinsu haɗin ne kaɗai, sakamakon ya sauya. Gwajin OptiMoM na Kanada a 2018 bai ga bambanci a yadda cikin jarirai ke karɓar abinci ba. Gwajin N-forte na Siwidin a 2024, kan jarirai sama da 200 da aka haifa kafin mako na 28, bai ga bambanci a NEC, cutar jini ko mutuwa ba. Idan aka haɗa da tsadarsa da yawan nonon da yake cinyewa kafin a samu kaɗan, ni ban ga hujjar da za ta sa asibiti ya ji ya gaza don yana amfani da na shanu ba.

Gari ko ruwa ma magana ce. Gari ba ya zuwa tsarkakakke daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari, kuma tun bayan mutuwar wani jariri a Tennessee a 2001 sanadin bakteriyar Cronobacter a garin madara, asibitocin Amurka suka karkata ga na ruwa. Na ruwan kuma yana cin wuri, duk mililitar da ya shiga ta kori mililitar nono, wani nau'insa da aka sa wa tsami don ya daɗe kuma an same shi yana ƙara tsamin jinin jarirai. Sannan da zarar an zuba haɗi, yawan narkakkun sinadarai a nonon yana hawa daga wajen 300 zuwa 400 da wani abu a ma'aunin da likitoci ke auna shi da shi, kusa da iyakar 450 da aka daɗe ana bi, kuma yana ci gaba da hawa a firji saboda wani sinadarin nonon na farfasa sitacin haɗin. A ƙara magunguna da bitamin a kai, sai ya zarce. Shi ya sa ba a son haɗaɗɗen nono ya wuce awa 24. Ɗakin haɗin ma wuri ne da duk tsabtar banki ke iya rushewa. A 2019 jarirai uku sun rasu a wani asibiti a jihar Pennsylvania sanadin bakteriyar Pseudomonas, binciken kuma ya gano ta a kayan da ake auna nonon taimako da su a asibitin, nonon da kansa lafiya ya iso.

To yaya za a daina ƙiyasi? Hanyoyi biyu aka fi sani. Ta farko jaririn ake tambaya. Sertac Arslanoglu da Guido Moro da Ekhard Ziegler suka bayyana ta a 2006: a riƙa auna yuriya, wato ragowar da jiki ke fitarwa bayan ya sarrafa furotin, a jinin jariri sau ɗaya ko biyu a mako, in ta yi ƙasa alama ce furotin bai isa ba, a ƙara, in ta yi sama a rage. Kyawunta shi ne tana nuna abin da jiki ya samu a zahiri, kuma duk asibitin da ke da ɗakin gwajin jini zai iya. Rauninta, ba ta cewa komai kan kalori, kuma matsalar ƙoda ko ƙarancin ruwa a jiki na rikita ta. Ta biyu nonon ake tambaya. A ɗebi mililita biyu ko uku a sa a na'ura mai aiki da hasken infirared, irin ta kamfanin Miris na Siwidin, cikin minti ɗaya ta faɗi furotin da kitse da sukari, sai a cike abin da ya gaza ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da Niels Rochow da Christoph Fusch suka jagoranta a Kanada ya nuna ƙarin girma da wannan hanya. Tana cin lokaci da ma'aikata, na'urar na bukatar saiti a kai a kai, kuma in ba a gauraya samfurin da kyau ba lambar kitsen ƙarya ce. Ba ta auna kalshiyam, sodiyam ko zink.

Akwai ma wani tarko a kalmar furotin kanta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na naitirojin ɗin da ke cikin nonon ɗan Adam ba na furotin ba ne. Bankin da ya lissafa duka naitirojin ya rubuta 1.1, wanda ya cire wancan kason ya rubuta 0.9, nono ɗaya. Likitan da bai tambayi wanne aka rubuta masa ba zai yi lissafinsa a kan abin da babu.

Inda babu kuɗin na'ura, Barazil ta nuna abin da za a iya yi da kaɗan. Ana zuƙar nono a siririn bututun gilashi irin na gwajin jini, a toshe gefe ɗaya, a juya shi a injin juyawa na minti goma sha biyar. Maiƙo ya taru a sama, a sa ma'auni a auna tsawonsa a kan tsawon duka, a fitar da kalori. Alan Lucas ne ya bayyana dabarar a 1978. Bankunan Barazil suna yin ta ga kowace roba, su kuma auna tsamin nonon don gane wanda bakteriya suka fara ci, sannan su ware mai kalori da yawa ga jaririn da ke bukatar girma, mai sauƙi ga wanda aka fara gwada cikinsa. Ba ta faɗin furotin, amma ta fi a rubuta 67 a jikin kowace roba don haka littafi ya ce.

Doka ma ba ta kamo zancen ba. A wata ƙasar ana ɗaukar nonon taimako a matsayin abinci, a wata a matsayin sashen jiki kamar jini, a wata babu dokar da ta ambace shi, kuma ƙa'idojin da ake da su sun fi ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta fiye da abin da ke ciki na gina jiki. Tarayyar Turai ta shigar da nono cikin dokarta ta 2024 kan abubuwan da ake samu daga jikin ɗan Adam, wadda za ta fara aiki a 2027. Wanda ake saye ta intanet kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Binciken Sarah Keim a Amurka ya sami bakteriya masu yawa a kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran da aka sayo, ya kuma sami madarar shanu a kusan ɗaya cikin goma.

Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun jera abin a haka: nonon uwa da farko, na taimako in babu shi, haɗin ƙarfafawa kuma ba ga kowane bakwaini ba, ga wanda aka haifa kafin mako na 32 ko ƙasa da kilo ɗaya da rabi. Jerin yana da ma'ana ko ta fuskar ingancin da muke magana. Nonon uwar bakwaini a makonnin farko ya fi furotin da sodiyam, laifes ɗinsa na raye, garkuwarsa an ƙera ta ne a kan ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita da ɗanta, kuma shi ne nonon da aka tsara haɗin dominsa. Duk mililita goma da ta samu ta tatso tana gyara lissafin ranar. Asibitin da samuwar nonon taimako ta sa ya yi sanyi wajen taimaka wa uwa ta fara tatsa a awannin farko, ta rungumi ɗanta fata da fata, ya rage ingancin abin da ke shiga cikin jaririn ko da bankinsa ya fi na kowa.

A ɗakin jinya, abin da ke nuna gaskiyar lamarin sikeli ne da tef da allon auna tsawo. Ana neman ƙarin giram 15 zuwa 20 a kilo a rana, da wajen santimita ɗaya a mako a zagayen kai da tsawon jiki. Sikeli shi kaɗai yana ruɗi, don jaririn da aka ƙara wa mai da sukari zai yi nauyi alhali tsawonsa da kansa na tsaye, wanda alama ce ta ƙarancin furotin. Daga mako na huɗu zuwa na shida ake fara duba fosfaras da sinadarin ƙashi a jini, sodiyam kuma tun kafin nan, domin bakwaini na zubar da gishiri a fitsari, wanda sodiyam ɗinsa ya yi ƙasa kuwa ba ya girma ko an cika shi da furotin. Haɗarin NEC yana raguwa yayin da jariri ke kusantar mako na 34 a lissafin ciki, don haka asibitoci da yawa daga nan zuwa mako na 36 suke janye nonon taimako a hankali, su mayar da yaro kan nonon mahaifiyarsa in ya wadata, in bai wadata ba su cike da madarar bakwaini kafin sallama.